Ofishin shawarar ritaya a Sakkwato: abin da ya auna da abin da ya bari kan komawa gindin dutse

Akwai wani ƙaramin ofishi a saman bene a cikin garin Sakkwato wanda hajarsa ɗaya ce, wato shawara ga ma'aikacin da ya kusa ajiye aiki. Mai ofishin tsohon akanta ne da ya yi ritaya daga baitulmali, yana kuma da mataimakiya mace da ke ganawa da iyalan masu zuwa. Ba wakilin wani kamfanin fansho ba ne, kuma ba shi da wata alaƙa da PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa, abin da shi da kansa yake fara faɗa wa mutum tun kafin ya zauna. Kuɗin aikinsa a lokacin da na je naira 35,000 ne, rabin mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka tsayar a kan naira 70,000 a 2024. Da wannan kuɗi ake zama da mutum, a zauna da iyalinsa, a aika a dubo wurin da yake son komawa, sannan a ba shi rahoto a rubuce. Kuɗin motar wanda za a aika yana wuyan mai neman shawara.

Tambayar da na kai masa tambaya ce da mutane da yawa irina ke ɗauke da ita, wato ko in koma garinmu da zama bayan ritaya. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne da ya fara aiki a farkon shekarun 1990, sa'ad da Gusau da Sakkwato suke jiha ɗaya, kafin a cire Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Dokar aiki ta ce a tafi idan an cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 ana aiki, duk wadda ta riga zuwa, kuma tawa ta ƙarato. Garin da aka haife ni ƙaramin gari ne a gindin duwatsun da ke tsakanin Gusau da Tsafe, a yankin da Dutsen Kwatarkwashi yake tsaye, wurin da Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a karon da aka yi da sojojin Turawa a watan Fabrairun 1903. Muna da gidan gado a can, muna da gona, kuma na daɗe ina raya wa kaina cewa can zan ƙarasa sauran kwanakina. Sai dai garin yana ja da baya, kuma ba jiya ya fara ba. Auduga da gyaɗa ne suka raya wannan yanki, tare da layin dogon da ya tashi daga Zariya ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, jirgin ƙasa ya yi ta raguwa har ya ɗauke ƙafa, masaƙar Gusau ta rufe, sai matasa suka mayar da ci-rani zaman dindindin. Rashin tsaro ya zo daga baya ya tarar da gari wanda dama ya riga ya fara zubewa.

Inda ofishin ya fi ƙarfi shi ne lissafin kuɗi, kuma a nan ban ga abin kushewa ba. Malam, wato mai ofishin, ya nemi in zo da takardar bayanin asusuna na fansho, da takardar albashi ta baya-bayan nan, da takardar ɗaukata aiki, ya baje su a kan tebur ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Ya yi mini bayanin tsarin da dokar fansho ta 2004 ta kawo, wanda aka sake wa fasali a 2014 har gudummawar ta koma kashi 10 cikin ɗari daga mai ba da aiki da kashi 8 daga ma'aikaci, ya kuma nuna mini cewa abin da mutane ke kira garatuti a wannan tsari wani yanki ne kawai na kuɗin mutum da ake ba shi a dunƙule. Ba a barin mutum ya kwashe duka, sai fa wanda abin da ya taru masa ƙalilan ne. Ana duba shekarun mutum da jinsinsa da albashinsa na ƙarshe da jimillar abin da ya taru, a ware abin da zai isa biyansa wata-wata, sannan a ba shi abin da ya saura. Duk naira ɗaya da aka karɓa a dunƙule tana rage abin da zai riƙa shigowa kowane wata har ƙarshen rayuwa. Na san wannan sama-sama tun da, amma ban taɓa ganin an ɗora shi a kan lambobina ba, kuma ganin ya sa gyaran gidan da nake shirin yi ya canza kama a idona.

Ya kuma tsaya sosai a kan zaɓin da ke gaban mai ritaya: ko ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin fansho ana yanka masa wata-wata, ko ya miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa muddin yana raye. A na farko, abin da ya rage a asusu bayan mutuwa na magada ne. A na biyu, an lamunce shekara 10 kawai, ta yadda idan mutum ya rasu a cikinsu magada za su karɓi ragowar, idan kuwa ya wuce su to babu abin da zai shiga gado. Wanda ya fara da na farko yana iya komawa na biyu daga baya, amma wanda ya shiga na biyu ba ya dawowa. Malam bai zaɓa mini ba, kuma na yaba da hakan, domin wakilan ɓangarorin biyu sun riga sun dame mu a wurin aiki, kowa yana yabon hajarsa. Shi ne kuma ya ankarar da ni cewa tun 2021, a cikin asusun da kamfanonin fansho ke gudanarwa, akwai na shida wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa, kuma mai ritaya ma yana iya neman a mayar da shi can. Haka nan ya tuna mini da kashi 2.5 cikin ɗari da ake cirewa daga albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa tun dokar 1992, kuɗin da ake mayar wa ma'aikaci idan ya yi ritaya in har ya bi sawunsu ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda kuma da yawa daga cikinmu ke mantawa da shi.

Batun da ya fi taɓa shirina kai tsaye shi ne na tazarar da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Duk wanda ya fara aikin tarayya kafin tsakiyar 2004 yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, kuma kamar yadda aka saba, sai gwamnati ta zuba wannan kuɗi a asusunsa kafin a kammala lissafinsa a fara biyansa. An sha ganin wannan jira ya ɗauki watanni masu yawa. Malam ya tambaye ni da me zan ci a wannan tsakani, na ce da gona. Sai ya ce, "Alhaji, gona ai ita ma ci take yi kafin ta ciyar. Taki da ƙwadago da iri duk a farkon damina ake biyansu, kai kuma a lokacin ba ka da albashi ba ka da fansho." Ya ba da shawarar in tara abin da zai riƙe gida na shekara guda tun ina karɓar albashi, kuma kada in taɓa shi don gini ko noma.

Daga nan ya ɗauko farar takarda ya raba ta gida biyu, Sakkwato a dama, garinmu a hagu, muka bi kashe-kashen gida layi bayan layi. Maganar da kowa ke yi cewa zaman ƙauye ya fi araha ta tabbata a wasu layukan: hatsi, itace, kayan miya a lokacinsu, da rashin kuɗin ruwan 'yan garuwa. Amma ni ba haya nake biya a Sakkwato ba, gidana ne, saboda haka babban abin da ke sa birni tsada bai shafe ni ba. A ɗaya gefen kuma, duk abin da ake kawowa daga waje ya fi tsada a can, tun daga sukari da sabulu har zuwa gas da magani, musamman tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga kusan naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Babu banki a garin, don haka fanshon da zai shigo ta waya sai an biya mai POS ladan cira kafin ya zama kuɗi a hannu, kuma wanda ya ga yadda aka sha wuya a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira ya san abin da dogaro da mai POS guda ɗaya yake nufi. Ya ƙara wani layi da ban yi tsammani ba, ya kira shi kuɗin zumunci. A ganinsa, ma'aikacin da ya dawo gida daga birni shi ne za a fara ƙwanƙwasa wa ƙofa idan mace ta kasa haihuwa, ko an kori yaro saboda kuɗin jarrabawa, ko rufin masallaci ya yaye, kuma ba zai iya cewa babu ba a garin da kowa ya san uban da ya haife shi. Da aka haɗa jimilla, bambancin gefen biyu bai taka kara ya karya ba.

Zaman da ya fi amfani a gare ni shi ne wanda ya sa in tattaro duk magungunan da ake sha a gidana in zo da su. Na zo da su a leda, ya zazzage su a kan tebur, ya ware ƙwayoyina na hawan jini gefe guda, ya ware allurar insulin ta matata Hajiya gefe guda, ya riƙa tambaya a kan kowanne: a ina ake sayensa, likitan da ya rubuta shi a ina yake zama, bayan wata nawa ake komawa ganinsa. Amsar kusan duka ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda daga gidana ko a keke napep ana isa cikin ɗan lokaci. Daga garinmu kuwa, babban asibiti mafi kusa yana Gusau, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, kuma idan aka ce sai likitan da ya san tarihin ciwon, to tafiya ce ta sama da kilomita 200 ta Bunguɗu da Maru da Talata Mafara da Tureta. Ya ɗaga kwalbar insulin ɗin ya ce wannan ba ta son zafi, sai firji, firji kuma sai wuta. Sannan ya yi tambayar da ta sa na yi shiru: "Idan ciwo ya tashi ƙarfe biyu na dare, wane ne yake da mota a garin, kuma zai yarda ya hau hanya a wannan lokaci?" Ya kuma ja hankalina cewa inshorar lafiyar da ake samu ta wurin aiki ba ta bin mutum haka kawai bayan ritaya, sai ya shiga shiri irin na GIFSHIP wanda mutum ke biya wa kansa, kuma ko an shiga, amfaninsa yana ga kusancin asibitin da aka yi rajista da shi.

Duba gidan gado shi ne sashen da aka yi rabi da rabi. Malam bai je da kansa ba, wani magini ya aika, kuma maginin ya san aikinsa. Hotunan da ya ɗauko sun nuna gara ta cinye azarar soraye biyu, katangar gabas ta tsage daga sama har ƙasa, ruwan da ke gangarowa daga dutse da damina ya zaizaye gindin zaure har tubalin ya fito fili. Ya auna rijiyar gidan ya tarar ta kusa ƙafewa tun ba a shiga tsakiyar bazara ba, ya kuma yi gargaɗin cewa haƙa rijiyar burtsatse a irin wannan ƙasa caca ce, domin ana iya cin karo da dutse a kashe kuɗi ba a sami ruwa ba. Akwai wata magana tasa da ta rushe mini wani tsohon zato. Ina ganin cewa zan tsere wa zafin Sakkwato na watan Afrilu, sa'ad da ma'auni ke haura digiri 40, in koma inda iskar dutse ke kaɗawa. Maginin ya rubuta cewa gidanmu yana jingine da falalen dutse wanda ke shan rana tun safe, da dare kuma ya riƙa fitar da zafin da ya sha, ta yadda ɗakunan da ke kusa da shi sun fi na tsakiyar gari zafi. Gaskiya ya faɗa, domin na tuna muna yara a tsakar gida muke kwana duk bazara. Duwatsun Zamfara ba tsaunin Jos ba ne mai tsawon kusan mita 1,200, balle Mambila. An fi Sakkwato samun ruwan sama da duhuwar itatuwa, amma zafin bazara yana nan.

Abin da Malam ya gina a kan wannan rahoto shi ne maganar da ta fi kowace nauyi a duk aikin, kuma saboda ita kaɗai kuɗin da na biya bai tafi a banza ba. Ya ce kuɗin da aka zuba a gini a garin da mutane ke barinsa ba ya dawowa. A Sakkwato, idan mutum ya gyara gida a Mabera ko Arkilla sannan buƙata ta taso, zai sami mai saye ko mai haya cikin ɗan lokaci. A garinmu kuwa gidajen da aka rufe da kwaɗo sun yi yawa har babu mai tayawa, kuma bulo da siminti da kwanon da aka kai can da tsada za su zama dukiyar da ba ta sayuwa. Ya ƙara da cewa gidan ma ba nawa ba ne ni kaɗai, domin ba a raba gado ba tun rasuwar mahaifinmu, kuma a cikin magadan akwai waɗanda suka rasu suka bar nasu 'ya'yan. Duk ɗakin da na gina kafin a raba, na gina shi ne a kan ƙasar da kowa ke da rabo a ciki. Shawararsa ita ce a fara kiran malami ko a je gaban alƙali a raba, a rubuta, kowa ya sa hannu, kafin a sauke ko da tirela ɗaya ta yashi. Wannan magana ba ta da daɗin ji ga wanda yake ganin shi da 'yan'uwansa ba za su taɓa samun saɓani ba, amma kotunan shari'a cike suke da 'ya'yan mutanen da su ma haka suka ɗauka.

Sashen tsaro shi ne mafi rauni, alhali shi ne ya kamata ya fi kowanne ƙarfi. Abin da aka ba ni shafi ɗaya ne da rabi na labaran da kowa ya ji a rediyo: rufe kasuwannin mako da katse layukan waya da aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021, ƙaddamar da Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma ta jihar, a watan Janairun 2024, da hare-haren da ake kaiwa a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. A ƙarshe aka rubuta cewa haɗarin garin matsakaici ne, kalmar da ba ta gaya wa mai shirin kai iyalinsa komai ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma maginin da aka aika ba aikinsa ba ne ya tambayi abin da ya kamata a tambaya. Ni da kaina na zauna da wani ƙanena da ke zaune a can, shi ya gaya mini gonakin da ake iya nomawa da waɗanda aka bari saboda sun yi kusa da daji, da lokacin da ake daina bin hanyar da ta haɗa gari da kwalta, da yadda wasu ƙauyukan bayan dutse ke biyan 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su girbe amfaninsu. Gonarmu, kamar yadda ya faɗa, tana cikin waɗanda aka bari. Wannan bayani guda ya fi shafi ɗaya da rabin nan amfani, kuma ofishin da ke karɓar kuɗi don auna komawa ƙauyen Zamfara, ko ma gabashin Sakkwato wajen Isa da Sabon Birni, ya kamata ya kasance yana da jerin irin waɗannan tambayoyi da kuma mutanen da zai yi wa su. Abu ɗaya da Malam ya faɗa da baki wanda ban gani a rubuce ba shi ne cewa mai ritaya da ya iso gari ya fara sabon gini ya riga ya sanar da kowa cewa an biya shi, kuma masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba daga sama suke faɗowa ba.

Ganawar da mataimakiyar ta yi da Hajiya ita kaɗai, ba tare da ni ba, tsari ne mai kyau da ban taɓa jin wani yana yi ba. Hajiya haifaffiyar Sakkwato ce, a nan danginta suke, a nan makarantar Islamiyyarta take, a nan take adashinta da 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma jikokinmu a nan suke zuwa mata duk ƙarshen mako. Duk lokacin da na tayar da maganar komawa gida, amsarta ita ce duk yadda na gani. Da mataimakiyar ta tambaye ta, "Mama, idan an koma can, wa za ki riƙa shiga wurinsa?" sai ta kasa kawo sunan kowa in ban da matar ƙanena. An rubuta wannan a rahoto cikin ladabi, da izininta. Maza da yawa suna yanke wannan shawara su kaɗai, suna ɗaukar shirun mace a matsayin yarda, alhali a mafi yawan gidaje matar ta fi mijin ƙuruciya, kuma ita ce za a bari a garin da ba nata ba idan ta Allah ta kasance.

Akwai kuma abin da takardar Malam mai gida biyu ba ta da layinsa, kuma a nan nake ganin ya gaza a matsayinsa na mai ba da shawara, ko da yake bai gaza a matsayinsa na akanta ba. Bai tambaye ni dalilin da ya sa nake son komawa ba. Iyayena a maƙabartar garin suke kwance. Makarantar firamaren da ta yi ni tana nan da azuzuwan da babu rufi, kuma mutumin da ya shekara 35 yana rubuta takardun gwamnati ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a Gusau. A Sakkwato, ranar da na miƙa makullin ofis zan zama ɗaya daga cikin dubban tsofaffin ma'aikata da ke zaman majalisa a bakin titi, a can kuwa akwai aikin da zan iya yi wanda babu mai yinsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma garuruwa irin namu suna mutuwa ne a wani ɓangare saboda duk wanda ya yi karatu ya yi irin lissafin Malam ya ga bai fita ba. Da na faɗi haka, sai ya ce wannan ba a auna shi da kuɗi, ya wuce zuwa layi na gaba. Gaskiya ne ba a auna shi da kuɗi, amma ana iya tattauna shi, kuma ana iya tambayar ko wannan aiki yana buƙatar mutum ya tare gaba ɗaya ko kuwa zuwa da dawowa ya isa. Ya dai yi mini tambaya ɗaya mai kaifi a wannan fanni, inda ya ce in lissafa waɗanda zan zauna da su bayan La'asar. Na lissafa, na tarar yawancin sa'o'ina ko sun rasu ko sun koma Gusau da Kaduna.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ƙanana ne in ban da ɗaya. Rahoton da Turanci aka rubuta shi, alhali duk zaman da Hausa aka yi, kuma Hajiya da 'yan'uwana da maganar ta shafa sai da na fassara musu. An yi alkawarin ba da shi cikin mako biyu, ya wuce haka sosai. Matattakalar benen tsaye take ƙiƙam, babu abin dafawa, a ofishin da yawancin masu zuwansa sun kusa shekara 60. A ƙarshen rahoton an liƙa takardar farashin wani mai sayar da sola ba tare da na nema ba, kuma da na tambaya Malam ya amsa cewa ana ba shi la'ada idan aka saya, abin da ya kamata ya faɗa tun farko tunda da rashin jingina ga kowa yake tallar kansa. Babban kuwa shi ne rashin sirri. Labule ne kawai ya raba inda ake ganawa da inda ake jira, kuma ina zaune ina jiran layi na ji jimillar asusun wani bawan Allah da sunan ƙauyen da zai koma. Ofishin da ya san haɗarin a san mutum ya karɓi kuɗi bai kamata ya bar wannan ya faru ba ko sau ɗaya. Na gaya wa Malam, ya ce za a sa ƙofa.

Shawarar ƙarshe da rahoton ya ba ni ita ce kada in sayar da gidan Sakkwato, kada in sa kuɗin dunƙule a gini, in gyara ɗaki ɗaya da banɗaki da ɗan abin da zan iya ɗauka daga albashi bayan an raba gado, in zauna a can damina ɗaya da bazara ɗaya ni kaɗai kafin a yi maganar ɗaukar iyali. Na karɓi mafi yawanta. Inda na bambanta da shi shi ne na fi son in fara da bazara, domin a lokacin ne ruwa ke yankewa kuma zafin dutsen ke tashi, kuma wanda ya fara da damina, sa'ad da ƙorama ke gudu ko'ina ya yi kore, zai yanke hukunci a kan mafi kyawun watannin garin.

Wanda zai ci moriyar wannan ofishi shi ne ma'aikacin da ya rage masa shekara biyu ko uku, wanda har yanzu yana da albashin da zai gyara shiri da shi. Wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa ya sayi kwano da siminti ya makara, abin da zai samu kawai shi ne bayanin asarar da ya yi. Malamin makaranta, wanda dokar 2022 ta ɗaga masa zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki, yana da ƙarin lokaci, amma lissafin ɗaya ne. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma ya fara tambayar Malam ko ya san tsarin fanshon da ya shafe shi, domin abin da na gwada shi a kai na tarayya ne kawai. Duk wanda zai je ya tafi da takardunsa da magungunansa da matarsa, ya nemi a rubuta masa rahoto da Hausa tun ranar biyan kuɗi, kada ya faɗi lambobinsa da ƙarfi sai ya tabbatar an sa ƙofar, kuma bayanin tsaron garinsu ya nemo shi da kansa daga bakin waɗanda ke kwana a can.